Takardar da Ta Kauce wa Lamba Bakwai

Auta na durƙushe gaban teburin falo, sai rubutu take tana gogewa. Gobe mahaifiyar saurayinta Injiniya za ta zo garin a karon farko, kuma Hajiya irin matan nan ce da ba a yi musu rakiya. Ta ce ita kaɗai za ta zaga tsakiyar gari ta yi sayayya, da la'asar ta zo gaida iyayen yarinya. Shi ne Auta ke tsara mata hanya a takarda.

Yayarta ta fizge takardar ta hau karantawa. "Daga tashar jirgi ki hau bas mai lamba huɗu, ki sauka gidan tarihi. Ki bi ta gadar sama ki hau sha biyu zuwa layin masu yadi, kada ki saya a shagon farko. Sai ki hau tara... Ke! Bas uku? Lamba bakwai fa ta gabansu duka take bi!"

Auta ta sunkuyar da kai.

"Innalillahi! Don Baba ne kwandastan lamba bakwai?"

"Plis Yaya, rage murya. Na ce musu a ofishin kamfanin bas yake aiki. In an yi auren zan gyara."

"Mutumin da ya ɗora ki a wuya ya nuna miki kowane lungu na garin nan? Duk abin da kika rubuta ai a bakinsa kika ji!"

Auta dai ta ninke takardarta ta aika wa Injiniya. Wayo ne irin na mai tsoro, wanda ba ya hangen gaba.

Washegari da la'asar Hajiya ta iso da ledoji niƙi-niƙi, Injiniya na biye. Ko ruwa ba ta gama sha ba ta hau labari. "'Yata, takardarki ta yi kyau, amma gwiwata ba ta hawan gada. Na tambayi mai jarida, ya ce in shiga lamba bakwai."

Auta ta ajiye kofin da ke hannunta.

"Kai, na ga mutum! Kwandastan dattijo ne. Ya samo mini kujera ta taga, ya nuna mini hasumiyar agogo, ya gaya mini inda zan zauna in huta. Na miƙa masa takardar nan, ya daɗe yana kallonta, har na ce ko idonsa ne. Sai ya ce, 'Hajiya, wadda ta rubuta wannan ta san gari, zagaye kawai ta yi miki.'"

Ba ta rufe baki ba aka yi sallama. Baba ya shigo da shuɗiyar rigar aiki, jakar tikiti rataye a kafaɗarsa. Hajiya ta miƙe zumbur, leda ta faɗi, yadi ya warware a ƙasa.

"Malam! Me ya kawo ka nan?"

"Gidana ne, Hajiya. Sannunku da zuwa."

Hajiya ta dubi takardar, ta dubi Auta, ta sake duban takardar.

"Bas uku da gada, da gwiwar nan tawa, don kada in ga mahaifinki?"

"Umma, ki bari ta..." in ji Injiniya.

"Rufe mini baki! Yarinyar da ta ɓoye ubanta mai lafiya, ni ranar da na kwanta ciwo a bayan wace ƙofa za ta ajiye ni? Maganar auren nan a dakata!"

Baba ya ce, "Ki yi haƙuri Hajiya, ƙuruciya ce." Wannan kalmar ce ta fasa kukan Auta. Tun safe ya gane rubutunta, ya yini yana yaga tikiti da abin a ransa, kuma ga shi yana roƙa mata. Ta zube ta riƙe ƙafarsa. Bai ture ta ba, amma sai da ya kwana uku bai iya haɗa ido da ita ba.

Wata huɗu Hajiya ba ta sauko ba. Injiniya ya rame, ya ƙi ko sauraron zancen wata, amma bai ɗaga wa uwarsa murya ba. Ita kuwa Auta ba ta aika kowa biko ba. Kowace Asabar sai ta shiga lamba bakwai, ta tsaya kusa da Baba tana nuna wa baƙi gari. Ranar da ƙawayenta na makaranta suka shigo, ita ta fara ɗaga murya: "Ku gaida babana!"

Labari ya kai wa Hajiya. Ta aiko cewa za ta sake zuwa sayayya, a rubuto mata hanya. Takardar ta iso, layi biyu kacal:

"Ki shiga lamba bakwai. Kwandastan mahaifina ne, ya fi ni sanin gari."

Hajiya ta share ido da gefen mayafi, ta ce wa ɗanta, "Kira kawunka, a je a sa rana."

Haƙurinsu ya biya su. 'Yan mata da samari, ku riƙe wannan: mai son ku da gaske ba sana'ar iyayenku za ta kore shi ba, kunyarsu da kuke ji ce za ta kore shi.