Ruwan da Dikin Ya Zubar

Auta tana gugar farar rigarta ta aiki, Mama na bakin gado tana faman sa wa allura zare, sai suka ji babur ya tsaya a ƙofar gida. Injiniya ne, saurayin Auta. Gyaran firij yake yi a wani ɗan shago da mutum uku ba za su iya juyawa a ciki ba, amma tun ranar da ya gyara firij ɗin kemis ɗin da Auta ke aiki ta laƙaba masa Injiniya, sunan kuwa ya bi shi har gidansu.

Ya gaida Mama a durƙushe, ya zauna yana murza makullin babur.

"Wannan fuskar fa? Firij ɗin wa ka ƙona yau?" in ji Auta.

"Siriyos nake, Auta. Babana ya ce ba za a sa rana ba sai an yi miki baftisma."

Mama ta ajiye allura. "An yi mata. Da hannuna na riƙe ta tana jaririya, aka zuba mata ruwa a goshi, ta yi ta tsala kuka har aka gama sujada."

"Na sani, Mama. To, mu a cocin Baptis ba a yi wa jariri. Sai mutum ya yi hankali ya faɗa da bakinsa cewa ya ba da gaskiya ga Yesu, sannan a nutsar da shi gaba ɗaya, alamar ya mutu tare da Almasihu ya kuma tashi tare da shi." Ya juya wajen Auta ya sassauta murya. "Minti biyu ne fa — ki shiga, ki fito, Baba ya huce, mu yi bikinmu."

Auta ta kashe dutsen guga ta zuba masa ido. Tana son yaron nan har cikin ranta, shi ya sa maganar ta yi mata ciwo. Mama ce ta kashe zancen, ta ce a je a yi, ba a kanta za a fasa aure ba. Amma da ta koma kan ɗinkinta ranta a ɓace yake, Auta kuwa ta gani.

Haka ta shiga ajin masu neman baftisma, ita kaɗai, don saboda bikin aka buɗe mata ajin. Fasto dattijo ne mai sanyin magana. Ya koya mata cewa ruwa ba ya ceton kowa, alherin Allah ne ke ceto ta wurin bangaskiya. Ya ce uwa ba ta ba da gaskiya a madadin ɗanta, miji ba ya yi wa matarsa, kuma ba a tura mutum gaban Allah da tsiya. Wasu sukan zo ajin nan su yi gyangyaɗi. Auta kam ta kwashe maganar tas, abin da babu wanda ya yi lissafi da shi ke nan.

Baban Injiniya dikin ne a cocin, wato mai kula da hidimar coci, har sunansa ya ɓace, kowa Dikin yake ce masa. Ba mugu ba ne, sai dai in ya kafe ko janwe ba ta motsa shi. Kwamin baftisma da ke ƙarƙashin katako a bayan bagade a hannunsa yake shekara da shekaru. Shi ke ɗage katakon, ya dirje simintin da buroshi, ya jawo tiyo daga famfo ya cika. A wannan karon har sabon tawul ya sayo, yana ta gaya wa mutane surukarsa ce za ta shiga.

Ranar Lahadi coci ya cika. Auta ta tsaya a bakin kwami cikin farar riga, Fasto kuma ya riga ya shiga, ruwa ya kai masa ƙugu. Kafin a nutsar da mutum sai ya ba da shaidarsa a gaban ikilisiya, don haka aka miƙa mata abin magana.

"'Yata, gaya wa jama'ar Allah abin da ya kawo ki."

Ta dubi Injiniya a cikin 'yan kwaya, mawaƙan coci, ta dubi Dikin da tawul a kafaɗa. Muryarta ta fita sarai.

"Fasto, aure ne ya kawo ni. An ce in ban shiga ba, ba za a sa rana ba. Ina ƙaunar Yesu, amma ban riga na tabbata a zuciyata cewa wannan ruwan nawa ba ne. In na ce na tabbata, na yi ƙarya a gabanku."

Fasto ya hau matakala ya fito yana ɗiga.

"Ba zan nutsar da ke ba, 'yata. Je ki canza kaya."

Dikin ya yar da tawul a kan benci. Bai jira a tashi sujada ba, ya zagaya ya zare toshiyar kwamin, jama'a na rera waƙa suna jin ruwa na kwaranya cikin lambatu. A bakin ƙofa ya tare Auta, idanunsa jajir.

"Kin tsinka ni a gaban mutane. To ki sani, muddin ina da rai babu aure."

"Ku yi haƙuri, Baba," ta ce tana durƙushe. "Amma ba zan yi wa Allah ƙarya don in sami miji ba."

Da yamma Injiniya ya zo a fusace, ko zama bai yi ba.

"Haba Auta! Sai a gaban duniya? Me ya hana ki faɗa mini tun farko?"

"Na so in faɗa, ka ce minti biyu ne. Sori, Injiniya, amma in haka ka ɗauki baftismarka, ni ban ɗauke ta haka ba."

Ya juya ya fita. Makonni suka shuɗe babu kira, babu ƙarar babur. Auta takan shige bayan kantar magani ta sha kukanta, ta wanke fuska ta fito ta sallami masu saye. Ta rame har rigar aiki ta yi mata yawa. Duk da haka kowace Lahadi sai ta je cocin nan ta zauna a bencin ƙarshe da kai a ɗage, masu gulma su yi ta leƙe har wuyansu ya gaji.

A Baptis babu wani babba daga waje da zai yanke wa coci hukunci. Membobi ke taruwa su ɗaga hannu, kuma hannun dikin ɗaya ne tak kamar na mai shara. A mitin na gaba Dikin ya kawo shawara kada a ɗaura auren duk wanda bai shiga ruwa ba. Auta ba memba ba ce, tana waje jingine da taga, ta nan ta ji muryar da ta daɗe ba ta ji ba.

"Baba, ka gafarce ni." Injiniya ne a tsaye. "Ina yaro na zo ina kuka a yi mini baftisma don abokaina sun yi. Ka tambaye ni, wa ya aiko ka? Na ce ba kowa, ka ce ƙarya ne, abokai ne suka aiko ni. Ka hana ni sai da na san abin da nake faɗa. Ita ba ka tambaye ta ba, Baba, don mu muka aiko ta — ni da kai. Ita zan aura, ko zan jira har furfura."

Aka ɗaga hannuwa, shawarar Dikin ta faɗi. Tsohon ya miƙe ya ce, "Ikilisiya ta yi magana," ya ɗauki hularsa ya fita.

An yi biki. Dikin ya zo, amma ko a hoto bai yi murmushi ba. Auta ba ta gaji da gaishe shi ba, shi kuma bai gaji da amsawa da hanci ba. In ana Jibin Ubangiji, gurasar da masu baftisma kaɗai ke ci, sai ta bar faranti ya wuce ta. Babu wanda ya ƙara yi mata zancen ruwa, ita ce dai ta ci gaba da karatun Littafi Mai Tsarki tana damun Fasto da tambayoyi.

Shekara ta zagayo. Wata safiya ta je gidan Mama ta faɗa mata abin da ke ranta, tana fargabar kada Mama ta ga kamar an raina baftismar da ta kai ta tana jaririya.

Mama ta shafa kanta. "Ni na kai ki a hannu lokacin da ba ki da ƙafa. Yanzu kina da ita, je ki."

Ta tarar da Dikin a harabar coci yana naɗe tiyo, ta durƙusa a gabansa.

"Baba, ina so ku cika mini kwamin nan."

Ya ɗago a hankali ya ƙare mata kallo. "Wa ya aiko ki?"

"Ba kowa. Injiniya ma bai sani ba tukuna. Na gaskata Yesu ya mutu saboda zunubaina ya kuma tashi, ina so in shaida haka da kaina."

Tsohon ya juya baya yana ta laluben bakin tiyo, alhali yana hannunsa. "Tashi, 'yata," ya ce.

Ana iya tilasta wa mutum ya jiƙe, amma ba a tilasta masa ya ba da gaskiya, kuma wanda ya yi haƙuri a kan gaskiyarsa ba ya yin asara. Auta ta sami mijinta, ta sami uba, ba tare da ta yi ƙarya ko sau ɗaya ba.

Ranar da ta fito daga ruwan tana haki, Dikin na tsaye da tawul ɗin nan da ya ajiye tun bara. Ya taka zai miƙa mata, sai ya tsaya, ya juya wajen bencin gaba ya saka shi a hannun Mama.