Jan Dutsen Takobin Sabitu

Ranar Laraba da azahar aka dawo da Sabitu daga asibiti, aka zaunar da shi gaban kwamfutarsa. Sai ihu. Uwarsa Inna A'i, mai sayar da tsakiyar ado a kasuwar Wunti, ta faɗo ɗakin ba ko takalmi.

"Inna, an fasa min takobi! An ɗauke jan dutsen!"

Takobin na cikin wasan kwamfuta ne. Tun da mota ta take masa ƙafafu yana acaɓa, wasan nan kaɗai ke tayar da shi zaune. Makaman ciki suna da gurbi kamar na zobe. Ka dasa dutse a gurbin, makami ya ƙara ƙarfi. Amma dutse ba ya ciruwa sai an fasa abin da ke riƙe da shi. Shekara biyu Sabitu ya yi yana yaƙi da dodanni kafin ya sami jan nan. Yanzu da aka ɗauke shi, ya juya fuska bango, ya ƙi cin komai.

Inna A'i ta je wurin 'yan sanda. Ɗan sandan da ke karɓar ƙara ya ce, "Mama, dutsen kilo nawa ne?" Ta ja masa Allah ya isa, ta dawo.

Mutum uku ke shiga ɗakin, kuma kwamfutar a kunne aka bar ta. Washegari ta tara su, kowa da wayarsa.

Ta fara da Fortune mai gyaran waya. "Kai, ɓarawon waya, ina dutsen ɗana?"

"Haba Mama! Ni ko jarumi ba ni da shi a wasan. Ina zan tura shi, aljihuna?"

Sabitu ya ce gaskiya ne, sai mai jarumi ake tura wa dutse.

Ta dubi Fortune. "To tashi ka ba ni wuri."

Saura abokan wasansa biyu. Elisha malamin firamare ya ce yana aji tun safe. Babayo mai Keke Napep ya dafa ƙirji.

"Inna, ni fa na kai shi asibitin."

"Ka jira shi?"

"Na ɗan zaga neman fasinja."

Suka nuna takubbansu. Takobi mai jan dutse ci yake da wuta, ba ya ɓoyuwa. Nasu duka biyun a bushe.

"Inna, ki ƙyale su," in ji Sabitu. "Ba su ba ne."

"Rufe min baki. Ku biyun, ku kai mutanenku na cikin wasan kogin wutar nan na bayan kogo. Ku ratsa ina gani."

Elisha ya yi dariya ya tura nasa. Taku uku, ya ƙone ƙurmus.

Babayo ya ce sabis ya ɗauke.

"Sabis ɗin Elisha daga Makka yake zuwa? Ratsa, ko in tara maka Wunti yanzu."

Babayo ya tura. Jaruminsa ya shiga wuta har ƙugu, ya fita ɗaya gaɓar ko ƙwarzane babu.

"Ko harafi ɗaya ban sani ba," in ji Inna A'i. "Amma shekara biyu ina shirya tsakiya a bayan yaron nan, idona na kan gilashin kwamfutarsa. Na ga ranar da ya sa ƙaramin jan dutse a sulke, wuta ta rage cin mutuminsa. Ja a takobi ƙonawa yake, a sulke tsarewa yake. Ɓarawo ya san takobi za a duba, sai ya cusa a riga. Kai ka ajiye shi a asibiti, ka san awa biyu ake gasa masa ƙafa, ka san ina kasuwa. Ƙarya nake?"

Babayo ya sunkuyar da kai. "Kullum shi ke gaba, Inna. Kowa Sabitu, Sabitu."

"Kana da ƙafa biyu kana hassadar gurgu! Fasa sulken."

"Wata takwas na yi ina..."

"Fasa! Ka haɗa masa da takobinka."

Ya fasa da hannunsa, ya tura duka biyun, ya fita bai yi sallama ba.

Sabitu ya dasa dutsen a gurbin takobin Babayo, takobi ya kama da wuta. Ya daɗe yana kallo. Can ya ce a hankali, "To Inna, Laraba wa zai kai ni asibiti?"

Ta tura masa kwanon tuwo.

"Ni. A baro in ta kama. Ci."