Masu Gadi Biyu a Faifai Ɗaya

Ranar Litinin da ƙarfe tara na safe aka kawo ƙara caji ofis, cewa an sace na'urar hangen ƙwayoyin cuta daga wani ɗakin gwajin jini. Kafin ƙarfe goma masu wurin sun gama nasu binciken, sun yanke hukunci, har sun ɗauko mai laifin a bayan mota sun kawo ta. Wata dattijuwa ce mai share musu ofis, kowa Gwaggo yake ce mata. Hujjarsu ita ce tana da makulli, kuma ba ta da wanda zai tsaya mata.

Shugaban caji ofis ya kira Sufeto. "Gobe da safe a miƙa ta kotu. Ba na son mai wurin nan ya sake kira na a waya."

Sufeto ya same ta a bayan kanta, zaune a benci, ta rungume jakarta.

"Gwaggo, kin ɗauki na'urar?"

"Ɗan nan, in kai ta ina? In duba me da ita?"

"Yaushe kika je aiki?"

"Asabar da safe, kamar kullum. Na share, na goge, na kulle kafin sha biyu."

"An ce ke kika zare wayar kwamfutarsu."

"Ni? Ko ƙura ba na goge mata. Sakatariya ta ce numfashina ma yana iya ɓata ta."

Sufeto ya ɗauki Sajan suka tafi. Sajan mace ce da ta taɓa yin kwas ɗin kwamfuta na wata shida, tun daga lokacin kuma ladanta shi ne gyara wayoyin manya kyauta.

Ɗakin gwajin a saman bene yake, bisa wani shagon takalma. Mai wurin, wanda ake kira Dakta, ya tare su a bakin ƙofa. Ba wanda ya taɓa ganin takardar da ta ba shi wannan suna, ba kuma wanda ya tambaya. Bayansa ƙaninsa ne, manajan wurin, mai shekara hamsin da furfura a gemu.

"Yaron nan, nuna musu wurin," in ji Dakta.

Manaja ya nuna musu teburin. Inda na'urar take zama ya bar shaida a kan katako. An ninke mayafinta da kyau an ajiye gefe.

"Akwai akwatinta?" Sufeto ya tambaya.

"Yana saman kabad," in ji Dakta. Ya ɗaga kai ya duba. Babu akwatin.

Sufeto ya dubi tsawon kabad ɗin, ya tuna tsawon Gwaggo. Ya nuna kyamarar da ke lungun silin. "Wannan tana aiki, ko ado ce?"

"Tana aiki. Duk abin da ta ɗauka kwamfutar Sakatariya take turawa. To amma kwamfutar ce tsohuwar nan ta kashe mana."

Kwamfutar tana kan teburin Sakatariya, allonta baƙi da farin rubutu. Tana cewa tana duba faifanta, wato rumbun da take ajiye komai a ciki. Lambobi suka hau a hankali. Da suka kai kashi goma sha ɗaya cikin ɗari sai suka tsaya, wani rubutu ya fito, allon ya ɗauke, ta sake tashi daga farko.

"Tun safe haka take yi," in ji Sakatariya. "Na ƙirga sau ashirin da uku, na gaji na daina."

Wani mutum mai jakar goyo yana tsaye gefenta, ya riga ya fito da sukudireba. Shi ne mai gyaran kwamfutar wurin, yana kuma amsa sunan Injiniya.

"Yallaɓai, faifan ya mutu," in ji shi. "Ya ƙone ƙurmus. Yanzu zan cire shi in sa sabo, ko in wanke shi tas a fara daga farko. Akwai marasa lafiya suna jiran sakamako."

"In ka wanke shi, hoton kyamarar fa?"

"Ai shi ya riga ya tafi."

"Me ya sa ka ce ya ƙone?"

"Shekarata goma sha biyar a aikin nan, yallaɓai."

"Na tambaye ka dalili, ka ba ni shekaru. Mai da sukudireban jaka."

Sajan ta ja kujera ta zauna, ta jira lambobin suka sake tsayawa, ta ɗauki hoton rubutun da wayarta kafin ya ɓace.

"Yallaɓai, ba ta ce faifan ya lalace ba. Cewa ta yi ba ta iya samun sa ita kaɗai ba, wani abu yana riƙe da shi."

"Yi mini bayani kamar ni ne shugabanmu."

"In aka kashe kwamfuta da ƙarfi tana cikin aiki, da ta tashi sai ta duba faifanta ko wani abu ya hargitse. Kafin ta duba dole kowa ya cire hannunsa daga faifan. A nan akwai wanda ya ƙi cirewa."

Sufeto ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin tebur. Akwai wani baƙin akwati, batirin ajiya, wanda ke riƙe kwamfutar idan wuta ta ɗauke.

"Da kika zo da safe yaya kika samu wannan?" ya tambayi Sakatariya.

"A kashe. Wayar bango ma a zare."

"In an zare ta bango kaɗai, kwamfutar za ta mutu?"

"A'a, batirin zai riƙe ta."

"Ke nan mai sharar ta zare waya, ta ga allo bai mutu ba, ta rarrafa ƙarƙashin tebur ta nemo makunnin batiri. Da wannan ilimin ai da ita kuka ba aikin Injiniya."

Dakta ya yi gyaran murya. Manaja ya duba agogonsa.

"Wa ya san kalmar sirrin shiga kwamfutar?"

"Ni da Dakta kawai," in ji Sakatariya da sauri. "Wallahi ban taɓa faɗa wa kowa ba."

Sufeto ya ɗaga allon madannai ya juya shi. Ga wata 'yar takarda manne da salatif, an rubuta kalmar da jan biro, da manyan baƙaƙe, don kada mai karatu ya wahala.

"Gaskiya ne, ba ki faɗa ba," in ji shi. "Rubutawa kika yi."

Ya bar Sajan da kwamfutar, ya shiga ofishin Dakta ya rubuta bayanin kowa ɗaya bayan ɗaya. Dakta ya ce Asabar yana gida, ya karanta bayaninsa sau biyu, ya sa aka ƙara "Dakta" a wani wuri da aka manta. Sakatariya ta ce tana wurin kitso, ta bi takardar layi layi da yatsa. Injiniya ya ce rabonsa da wurin wata biyu. Shi har bayan takardar ya duba.

Manaja ya ce ya wuni a gida yana fama da ciwon baya. Da Sufeto ya tura masa takardar, bai ko kalle ta ba. Ya nemi inda ake sa hannu, ya zana, ya juya shafi, ya zana, ya turo ta.

"Ba ka karantawa?"

"Haba yallaɓai, in na ce zan karanta duk abin da ake kawo mini a wurin nan ai sai in kwana. Yaya yana karantawa, ya isa."

Sajan ta leƙo. "Yallaɓai, zo ka gani."

Allon ya canza. Yanzu ana ganin hotuna manya manya marasa kyau. Ta ce ta tayar da kwamfutar ta wata hanya da ba ta barin komai ya tashi sai abin da ya zama dole. Ta buɗe jerin manhajojin da aka ɗora, kowace da ranar da aka sa ta.

"Ka ga wannan? Manhajar gadi ce, mai tare ƙwayar cutar kwamfuta. Tun bara take nan."

"Ni na sa ta," in ji Injiniya, yana ɗan dawo da martabarsa.

"Ga kuma wata manhajar gadin ta biyu, ta wani kamfani daban."

"Wannan ba ni ba ne! Ko ɗan koyo ya san ba a haɗa biyu."

"Don me?" in ji Sufeto.

"Kowace tana ɗaukar ɗayar a matsayin ɓarauniya," in ji Sajan. "Wannan ta damƙe faifai ta ce ba mai taɓawa, waccan ma ta damƙe. Kamar ka sa masu gadi biyu a ƙofa ɗaya ba ka gabatar da su ga juna ba. Shi ya sa binciken faifan yake tsayawa."

"Yaushe aka sa ta biyun?"

"Asabar, ƙarfe biyu da minti goma na rana."

"Gwaggo ta kulle kafin sha biyu." Sufeto ya dubi jerin. "Wannan ta ƙasanta fa, mai hoton tsintsiya?"

"Ita ce uwar tafiyar. Manhajar share fayil ce, irin wadda in ta share ba a iya dawo da shi. Kyauta ake saukar da ita. Lokacinsu ɗaya da mai gadin ta biyu, har minti."

"Ɓarawo ya zo goge hoton kyamara, sai kuma ya tausaya wa kwamfutar ya ƙara mata mai gadi?"

"Bai san ya sa ba, yallaɓai. Irin waɗannan na kyauta, wurin ɗora su sai su tambaye ka, kana son mu haɗa maka da kaza? In ba ka karanta ba, ka yi ta danna eh, eh, eh, sai ka kwashi abin da ba ka aika ba. Mai gadin ta shigo, suka kaure da ta farko, kwamfutar ta daskare. Ina jin tsintsiyar ko fara shara ba ta yi ba. Shi kuma ya ga allo ya ƙi motsi, ya zare waya, ya kashe batiri."

Sufeto bai dubi kowa ba. "Cire ta biyun, ki sake gwadawa."

Ta cire mai gadin ta biyu, ta cire tsintsiyar, ta sake tayar da kwamfutar. Baƙin allon ya dawo. Takwas. Tara. Goma. Goma sha ɗaya. Ana jin mai takalma a ƙasa yana ciniki.

Goma sha biyu.

"Faifan da ya ƙone yana tafiya," in ji Sufeto. Injiniya ya shiga gyara zif ɗin jakarsa.

Da lambobin suka wuce hamsin, Manaja ya miƙe. "Bari in je in ɗan miƙe bayan nan, zama yana tayar mini da shi."

"Zauna, Manaja. In kana gida ranar Asabar, wannan fim ɗin ba zai dame ka ba."

Ya zauna. Saba'in. Tamanin. Gumi ya fara bin gefen gemunsa, ga fanka tana juyawa a kansa.

Kwamfutar ta gama, ta gyara abin da ya hargitse, ta buɗe kamar ba ita ba. Sajan ta nemo hoton Asabar. Ga Gwaggo tana goge ƙasa, tana kewaye teburin Sakatariya daga nesa kamar akwai maciji a kai. Ta kulle ta fita. Sajan ta tura gaba. Ƙarfe ɗaya da rabi ƙofa ta buɗe. Mai ciwon baya ya hau kujera, ya sauko da akwati daga saman kabad da hannu ɗaya, ya ninke mayafin na'urar da kyau.

Dakta ya juyo a hankali. "Kai? Yaron nan, kai?"

"Daina ce mini yaro!" Muryar Manaja ta fashe. "Shekara ashirin da biyu ni ke buɗe wurin nan, ni ke rufe shi. A gaban 'ya'yana kake ce mini yaro. Na kama shago, Yaya, zan buɗe ɗakin gwaji. Nawa. Na'urar kaɗai ta rage mini."

"Tana ina?" in ji Sufeto.

"Tana shagon, cikin akwatinta. Ko ƙwarzane ba ta yi ba."

"Gwaggo fa? Wa ya fara cewa ita ce?"

Manaja ya sunkuyar da kai. "Na ɗauka kwana biyu za su riƙe ta su sake ta."

"Ka ɗauka."

Sajan ta sa masa ankwa. Suka sauko da shi ta gaban mai takalma, wanda ya bar cinikinsa ya tsaya kallo.

Da la'asar aka saki Gwaggo. Dakta yana jiran ta a ƙofar caji ofis, ya ce ta yi haƙuri, gobe ta zo aiki da wuri don an tattake ofishin da yawa. Ta buɗe jakarta, ta ciro makullin ta sa masa a hannu.

"Ka ba wanda ka yarda da shi, Dakta."

A ciki, Sufeto ya rubuta sabon bayanin Manaja, shafi uku, ya tura masa tare da biro. Manaja ya ɗauki biron, ya nemi wurin sa hannu. Sai ya tsaya. Ya ajiye biron, ya ciro tabarau daga aljihu, ya koma layin farko.

"Karanta a natse," in ji Sufeto. "Yanzu kana da lokaci."