Zomon da Ba a Wanke Ba

Sunan garin ya ɓace mini, yara, sunan matar ma haka. Abin da ya rage a kaina shi zan ba ku.

A da can akwai wata tsohuwa mai ɗinka wa yara dabbobi da tsofaffin tufafi. Ta wanke, ta shanya, ta yanka, ta cusa auduga. Kullum haka take yi, kowa na yabon tsabtar aikinta.

Ran nan wata marainiya ta kawo rigar saƙin mahaifinta, wuyan duk ya yi maiƙo. Ta ce, "Iya, ki yi mini zomo. Amma don Allah kada ki wanke."

"Ke 'yar nan, da wannan dauɗar?"

"Ƙamshin Baba ne a jiki. Shi kaɗai ya rage mini."

Da yarinyar ta tafi, maƙwabciya ta leƙo ta katanga. "Wanke abinki, ina za ta sani? In aka ga wannan ƙazanta daga hannunki, sunanki ya ɓaci."

Tsohuwa ta ɗebo ruwa, ta ɗauko sabulu, ta daɗe tana kallon rigar. Can sai ta miƙa wa akuyarta ruwan. Ta yanka, ta ɗinka, ta cusa auduga.

Yarinyar ta dawo, ta karɓa, ta shinshina. Ta rungume zomon, ta ce, "Shi ne."

Daga baya yawo ya kai ni garin, na bincika. Lalle wasu sun daina kai wa tsohuwar aiki. Marainiyar kuwa na same ta da furfura, ta nuna mini zomon. Har ranar ruwa bai taɓa shi ba.