Allura a Cikin Huhun Goro

Da hantsi aka kira Sufeto Mutaru zuwa wani asibiti a Yendi. Atikatu, mai sayar da shinkafa da wake a bakin tasha, ta rasu.

"Amai ta yi ta yi har ƙodarta ta tsaya," in ji likita. "Cikinta duk sawun allura ne, irin ta rage ƙiba da ake shigowa da ita ta ɓarauniyar hanya. Ba wanda ya san abin da ke ciki. Ko ta gaskiyar ma, in ta rasa firji ta lalace."

Abin ya sosa wa Mutaru rai. A Salagar da ya tashi, mace mai jiki kamar Atikatu kirari ake yi mata ranar biki. Yanzu waya ta koya wa kowa jin kunyar jikinsa.

'Yar marigayiyar ta ce a shagon Mansuratu mai kitso ake yi wa uwarta allurar.

"Ni kitso kawai nake yi, Masa," in ji Mansuratu, wato Yallaɓai.

"Mene ne wancan a ƙarƙashin benci?"

"Goro ne."

Huhu ne sosai, irin ƙunshin da fataken goro ke yi da ɗanyen ganye. Mutaru ya kwance. Ba goro ko ɗaya, sai allurai masu kama da biro jere cikin jiƙaƙƙen ganye.

"Atikatu ne ya matsa mini," Mansuratu ta ce tana kuka, da Hausarta da ba ta raba mace da namiji. "Wai yana so kayan bikin 'yarshi ya zauna mishi. Motar Bawku ke kawo mini, direba Samed."

Mutaru bai ko dube ta ba, igiyar yake juyawa a hannu. Ƙulli biyu, an murɗe bakin ta hagu. Ɗaurin mahaifinsa ne, tsohon farken goro, kuma mutum biyu kawai ya koya wa: shi da Jalil, abokinsa tun suna yawo ba wando, wanda yanzu ke auren ƙanwarsa Zenabu. Ya yi ta addu'a a ransa Allah ya sa wani ne ya kwaikwaya.

A tashar Bawku ya samu Samed yana wanke mota.

"Me kake kai wa mai kitso a Yendi?"

"Goro, Masa."

"Ni ɗan mai goro ne. Daga kurmi goro ke hawowa arewa. Tun yaushe ya fara gangarowa daga Bawku? Ko an fara noma shi a Kulungugu, can bakin iyaka?"

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Samed ya ajiye soso. "Wani Alhajin Salaga ne. A babur ake tsallako mishi da kaya ta iyaka, shi yake naɗewa da hannunshi. Yana ce mini in riƙa yayyafa ruwa a hanya."

Salaga ta tarbi Mutaru da ƙarar keke mai ƙafa uku. Rumfar da mahaifinsa ke tsince goro ta zama shagon cajin waya. A nan shi da Jalil suke zama suna fifita ganye, tsohon yana jefa musu wanda tsutsa ta taɓa, su kuwa suna rabawa kamar an ba su sarauta. Kewar wancan zamani ta kama shi har ya rage tafiya.

Zenabu ce ta fito da ruwa. Da ƙyar ya gane ta. Ta rame har zane ya zagaye ta sau biyu.

"Yaya, sannu da hanya. Ka ga na koma budurwa?"

Bai iya yin dariyar ba. Jalil na zaune a zaure, Mutaru ya ajiye igiyar a gabansa.

"Ɗaurin wa ke nan?"

"Masu goro yawa gare su."

"Jalil, dube ni."

Jalil ya sunkuyar da kai. "Kasuwar goro ta mutu, Mutaru, ka sani. Ba abin da na iya sai naɗi. Masu shingen hanya kuwa ba sa kwance huhu, goro ɗaya ake miƙa musu a wuce."

"An gaya maka maganin firji yake so?"

"An gaya mini sanyi yake so. Ganyen da ke riƙe goro wata da watanni bai bushe ba, na ce zai riƙe wannan. Wallahi ban taɓa barin sa ya sha rana ba. Da na san cuta ne, zan ba matata?"

"Wata mata ta mutu a Yendi."

Jalil ya yi salati a hankali, ya miƙo hannuwansa da kansa. Mutaru ya sa ankwa, ya kasa haɗa ido da shi.

Aka kwashe sauran huhunan da aka samu a gidan. Kofur ɗin da ya rako Mutaru ya shigar da Jalil bayan mota. Mutaru ya riƙo Zenabu ya zaunar da ita a gaba, ya ce asibiti za su fara biyawa.

Ta waiga ta dubi mijinta. "Yaya, in an sallame ni, tare za mu dawo?"

Mutaru bai taɓa yi mata ƙarya ba tun tana goye a bayansa.

"A'a, Zenabu," ya ce, ya tayar da mota.