Ƙarar da Ta Cinye Sunan Gogo

Da la'asar Talatu ta kai wa mahaifinta fura zaure, ta tarar da shi kwance rub da ciki, jini ya bushe a ƙeyarsa. Malam Mahmuda ya riga ya cika. Babban rediyonsa mai gajeren zango, wanda ya zo da shi daga Makka, babu shi. Sai wayar eriya tana reto daga azara.

Ranar kasuwar Kurfi ce, cikin rani na 1982, ƙauyen Rawayau kusan ba kowa. Amma kafin ɗan sanda Saje Lawal ya iso, mutane sun dawo, sun kuma yanke hukunci. Sun kewaye Yunana, mai gyaran rediyo daga Dutsin-Ma, wanda aka tare a hanya. Wasu da sanduna. Matarsa Lai'atu ta biyo shi a motar haya, tana tsaye ba ko takalmi.

Saje ya tura shi zauren mai gari, ya ja ƙyaure.

"Mi ya kawo ka gidan mamacin?"

"Shi ya aiko, ranka ya daɗe. Tasha ke zille masa. Na gyara, na fita kafin azahar."

"Liman ya ce sun yi azahar tare. Wa ya ga ba ka dawo ba?"

Dutse ya faɗo kan kwanon rufi.

Saje ya kira Sa'idu, wanda suka yi rigimar iyakar gona da mamacin. Mahauta uku suka shaida yana rumfarsu a Kurfi har la'asar. Aka sallame shi. Sai Ɗanjuma, ɗan ƙanen mamacin, wanda ya fi kowa ɗaga murya a waje.

"Ni tun safe ina Wurma da babur ɗina, Saje. Ku ba mu shi kawai!"

Gida ɗaya ne aka yini a cikinsa kusa da zauren mamacin, na Gogo Azumi, tsohuwa mai ciwon ƙafa. Katanga ce kaɗai tsakaninsu.

"Gogo, ba ki ji komai ba?" in ji Saje.

"Ɗan nan, kunnena ɗaya ne, shi ma yana manne da rediyo. Ni ma an cuce ni yau."

Jikanta da ke Kaduna ya aiko cewa za a gaishe ta a shirin gaishe-gaishe na bayan azahar. Kamar yadda masu sauraro suka saba, ta sa kaset a rediyonta mai rikoda don ta ajiye sunanta.

"Ana cewa 'sai Gogo', wata ƙara ta taso ta cinye sauran."

Saje ya saurari kaset ɗin. Ƙarar ta fara ƙasa-ƙasa, tat-tat-tat, ta yi ƙarfi, tana yi tana tsallake ɗaya, ta yanke. Waƙa biyu suka wuce lafiya. Sai ta dawo da sauri, ta dushe.

Ya kai wa Yunana. Yana ji, ya ɗago kai.

"Wannan ba tsawa ba ce, ba hadari a sama. Wutar fulogin babur ce. Gajeren zango haka yake, ranka ya daɗe. Zai jiyo maka London daga ƙauyen nan, amma ba ya tace komai. Babur ya zo kusa, sai ya kwashe tartsatsinsa. Wani ya zo, ya kashe inji, ya sake tayarwa."

"Kai ma babur gare ka."

"A gwada shi."

Saje ya fito da rediyon Gogo ƙofar mai gari, ya kamo Kaduna a mita arba'in da tara, ya ƙure murya. Aka ɗauko tsohuwar a kujera. Ya kunna wa jama'a kaset ɗin, sannan ya mai da shi rediyo, ya sa aka tayar da babur ɗin Yunana. Inji ya yi ta ruri. Muryar mai labarai ba ta ko girgiza ba.

"Na sa masa hular fulogi mai hana tartsatsi," in ji Yunana. "In ba haka ba, kullum sai in ɓata wa masu kawo mini gyara sauraro."

Sandunan suka ɗan sauka. Mai gari ya ce babur biyu ne a unguwar. Na hedimasta na Katsina tun jiya.

"Ɗanjuma, kawo naka."

"Ba mai a ciki."

"Da mi ka dawo daga Wurma?"

Saje ya taka shi da kansa. Nan take rediyon ya ɗauka, tat-tat-tat, yana yi yana tsallake ɗaya.

Gogo ta nuna babur ɗin da sandarta. "Ita ce! Ita ta cinye mini suna!"

Ɗanjuma ya kai hannu zai kashe inji, Saje ya riƙe wuyan hannun.

"Ka ce kana Wurma. Daga Wurma rediyon nan ba zai ji fuloginka ba, sai in kana gindin katangar Gogo. Ka ga mai gyara ya zo da safe, ka san wanda za a zarga. Ka bari aka watse daga masallaci. Waƙa biyu ka yi a zauren. Ina rediyon?"

A rumbun gero aka same shi, an naɗe da buhu, da taɓarya mai jini a gefe.

"Kullum sai ya ce in ya mutu nawa ne," in ji Ɗanjuma. "Yau ya ce ya ba Talatu."

Ba wanda ya iya duban Yunana. Lai'atu ta ratsa mutane ta kama rigarsa, sai a lokacin ta fashe da kuka. Saje ya zare kaset ɗin ya sa a aljihu.

"Ina za ka kai mini?" in ji Gogo.

"Kotu, Gogo. Can za a kira sunanki cikakke."