Faɗuwa Na Yi

Biri ne ya haɗa su, kuma haɗuwar da jini aka yi ta.

Nuraddeen, ɗan Zariya mai tuƙa motar 'yan yawon buɗe ido daga Jidda, ya tsaya a wata kwana kan hanyar hawa duwatsun Baha don fasinjoji su kalli kwari. Ya gargaɗe su kada kowa ya sauka da abinci a hannu. Zubaidatu, da ta zo da ƙawayenta, akwai kunnen ƙashi. Ta sauka riƙe da ledar masar da mamarta ta soya mata.

Kafin ta ɗaga waya, wani gwaggon biri ya diro daga dutse ya cafki ledar. Ta ƙi saki. Ya yage mata hannun abaya, ya ja ta har bakin kwarin. Nuraddeen ya faɗa tsakaninsu da hannu kawai, birin ya kafa masa haƙora a damtse, sai da ya sha naushi a hanci ya saki.

Ta cire ɗankwalin da ke cikin jakarta tana ɗaure masa ciwon.

"Yanzu saboda masa za ki ba da ranki?" ya tambaye ta yana cije leɓe.

"Da ka taɓa ɗanɗana ta Mama, ba za ka tambaya ba."

Ya yi dariya, ita kuma hawaye ya zubo mata. Kafin ciwon ya warke, so ya kama su duka biyun.

"Sarkin birai, ya hannun? Mama ta ce ka zo ka karɓi diyyarka, masa ce da miyar taushe," ta rubuta masa.

"Habibti, ciwon da ya kawo ni ƙofarku ba na so ya warke da wuri," ya amsa.

Mahaifinta, Malam Garba, Bahaushen Sudan mai shagon kayan yaji a unguwar Hindawiyya ta Jidda, bai yi na'am ba. Ya ce direban da zamansa a ƙasar ke hannun kafili, wato ubangidan da ya tsaya masa, baƙo ne, ran da aka sallame shi zai kwashe masa 'ya zuwa inda ba zai gan ta ba. Bai tilasta mata kowa ba, amma bai ɓoye cewa Hamad yake so mata ba, ɗan marigayi ƙanensa da ya yi rainonsa tun yana rarrafe.

Shi Hamad a Jidda aka haife shi, bai taɓa taka Sudan ba. Zuciya gare shi kamar fetur. Ita ce ma ta haɗa shi da kafilinsa har iƙamarsa, takardar izinin zama, ta mutu, ya koma bin lungu in ya hango 'yan sanda. Duk gidan sun san rigima ɗaya za ta kai shi tarhil, gidan tsare waɗanda za a kora, a sa shi a jirgi zuwa ƙasar da ba shi da kowa. Nuraddeen ma ya sani, Zubaidatu ta faɗa masa.

Da hutun Sallah iyalan unguwa suka yi hayar mota zuwa gaɓar teku kudu da Lith. Kada a tambayi wadda ta zaɓi direba.

Wurin akwai kyau. Farin dutse ne ya miƙe ya tsaya cak a kan teku, igiyar ruwa na dukan gindinsa, ga jiragen masunta can nesa, raƙuma na kiwo ta bayan ƙauye. Ana shimfiɗa tabarmi Zubaidatu ta miƙa wa Nuraddeen shayi, ta yi masa murmushin da ya fi ƙarfin shayi. Hamad ya gani.

Ya bi shi har bakin dutsen. "Wallahi ya Nuraddeen, ka fita hanyar bint ammi, 'yar baffana, ko yau in gama da kai."

"Ita za ta faɗa, ba kai ba."

Naushin farko na Hamad ya fasa wa Nuraddeen baki. Suka kama kokawa, ƙasa na zaftarewa a ƙarƙashin ƙafafunsu. Hamad ya shaƙe shi, ya rarumi dutse ya rotsa masa goshi, sannan ya hankaɗa shi. Nuraddeen ya gangara, kaifin dutsen na yankar jikinsa, har wani tsauni da ya fito daga jikin gaɓar ya tare shi. Da ya wuce nan, sai dai masunta su tsamo gawa.

Ihun Zubaidatu ne ya tara jama'a. Da igiya aka jawo shi, haƙarƙari a karye, jini ya rufe masa ido. Ana cikin haka motar masu gadin gaɓa ta tsaya.

Jami'in ya durƙusa, ya dubi shatin yatsu a wuyansa, ya tambaye shi da Larabci wa ya yi masa haka. Hamad na tsaye, jini a rigarsa. Malam Garba ya dafa mota yana kallonsu. Suna ɗaya kawai Nuraddeen zai faɗa, hanya ta buɗe masa har abada.

"Faɗuwa na yi," ya ce, ya nuna Hamad. "Shi ne ma ya jawo ni."

Jami'in ya sake tambaya, ya sake ba shi amsar nan. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya kira motar asibiti.

Zubaidatu ta yi fushi sosai. Ta ɗauka tsoro ya ji, ko kuwa ya janye ne ya bar wa Hamad fage.

"Ka tari biri saboda ni, amma ka kasa faɗin sunan mutum? In ka haƙura da ni ka faɗa min," ta rubuta.

Daga gadon asibiti ya amsa: "Habibti, da na faɗa, da babanki ya rasa ɗa a ranar. Ba zan shiga gidanku ana kuka saboda ni ba. Ke nake so, amma ba ta ƙofar tarhil ba."

Ta karanta, ta yi kuka mai isarta, ta kai wa mahaifinta wayar.

Washegari Malam Garba ya zo asibiti, Hamad na bayansa kai a sunkuye. Hamad ya sumbaci goshin da ya fasa, ya nemi gafara rabi da Hausa rabi da Larabci. Dattijon ya riƙe hannun Nuraddeen, wanda ke da tabon biri.

"Na ce kai baƙo ne, ɗana. Na yi kuskure. Turo magabatanka."

Aka ɗaura aure a Hindawiyya bayan ya warke. Masa har ta yi saura, kuma Hamad ne ya yi ta zagayawa da faranti. Da za a kai amarya, Malam Garba ya ɗora hannu a kan kowannensu.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ɗayyiba. Kai kuma Nuraddeen, Allah ya rufa maka asiri kamar yadda ka rufa min."